Gwame Da Ƙafar Baka: Me Shimfiɗar Takalmi Ke Iya Yi Wa Yaro?

Duk wanda ya tsaya bakin wata makarantar firamare a garin Dutsi ko Shargalle a lokacin da aka tashi yara, idan ya bar kallon fuskokinsu ya dubi ƙafafunsu, zai lura cewa ba dukansu ke taka ƙasa iri ɗaya ba. Akwai wanda gwiwoyinsa ke gugar juna alhali idon sawunsa sun yi nesa da juna, shi ne ake ce wa mai gwame. Akwai wanda gwiwoyinsa suka buɗe har ɗan akuya ya iya ratsawa ta tsakani, shi ne mai ƙafar baka. Akwai kuma wanda tafin ƙafarsa ya kwanta shimfiɗe a ƙasa ba kwarmi ko kaɗan, da wanda manyan yatsunsa ke kallon juna in yana tafiya. A ƙannensu da ke gida, 'yan shekara 2 zuwa 4, abin ya fi haka yawa.

A da can, iyaye a wannan yanki na shiyyar Daura hanya biyu suka sani. Ko dai a ce a ƙyale shi zai miƙe, ko kuwa a kai shi wurin mai ɗori a yi ta matsa da ɗauri. Yanzu hanya ta uku ta shigo, kuma ma'aikatan gwamnati da sauran 'yan boko su ne suka fi karɓarta. Ita ce sayen wata 'yar shimfiɗa ta roba ko ta fata da ake sakawa cikin takalmi, mai tudu a gefe guda ko a tsakiya, ko kuma sayen takalmi sukutum wanda ake kira takalmin gyara. Ana samunsu a kantunan kayan asibiti na Katsina da Kano, ana kuma tallarsu a wayoyin hannu tare da hoton yaro kafin ya saka da bayan ya saka.

Damuwar iyayen ba ta banza ba ce. Uba ma'aikaci ya san cewa sharuɗɗan ɗaukar kuratan 'yan sanda a Nijeriya sun ambaci gwame da ƙafar baka da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa cikin abubuwan da ke hana a ɗauki mutum. Uwa kuwa tana tunanin 'yarta, da irin sunayen da yara ke laƙaba wa juna, da ranar da za a zo neman aure. Karin maganar da kowa ke kafa hujja da ita ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayar da ta rage ita ce ko shimfiɗar takalmi tana iya tanƙwara wannan iccen.

Ƙafa tana da nata lokaci

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata mai karatu ya san yadda ƙafar yaro lafiyayye take girma, domin kuwa ba a miƙe ake haihuwarta ba. A shekarar 1975 wasu likitoci biyu na ƙasar Finlan, Salenius da Vankka, suka buga sakamakon awon da suka yi wa ƙafafun yara masu yawa ta hanyar hoton ƙashi. Suka tarar jariri yana zuwa duniya da ƙafar baka, lanƙwasar ta kai kimanin digiri 15. Daga nan sai ta yi ta raguwa, har ƙafar ta miƙe sak tsakanin shekara 1 da rabi zuwa shekara 2. Ba ta tsayawa nan. Sai ta zarce zuwa ɗaya ɓangaren, watau gwame, wanda ke kai iyakarsa wajen shekara 3 zuwa 4. Bayan haka sai gwamen ya riƙa ja da baya, kafin shekara 7 ya tsaya a kan digiri 5 ko 6, wanda shi ne tsarin ƙafar babban mutum, kuma ido ba ya ganinsa a matsayin aibu.

Tun kafin wannan, a shekarar 1957, wani binciken da aka yi a Ingila a kan yara 1,000 ya nuna cewa cikin 'yan shekara 3 zuwa 3 da rabi, kashi 22 cikin 100 suna da gwamen da tazarar idon sawunsu ta kai inci 2 ko fiye, amma cikin 'yan shekara 7 zuwa sama, kashi 1 zuwa 2 ne kaɗai suka rage da shi. Kada kuma wani ya ce ai wannan 'ya'yan Turawa ne. Likitoci a Ile-Ife sun auna yaran Nijeriya fiye da 2,000, suka buga sakamakon a shekarar 2004, kuma hanyar ɗaya ce: baka a watannin farko, sauyawa zuwa gwame wajen cikar shekara 2, sa'an nan raguwa sannu a hankali.

A nan ne asirin cinikin shimfiɗar takalmi yake. Uwa ta ga ɗanta ɗan shekara 3 gwiwoyinsa na haɗuwa, mahaifinsa ya sayo shimfiɗa, aka yi shekara biyu ana fama da yaro ya saka, ƙafa ta miƙe, sai a ce shimfiɗa ta yi aiki, a kuma ba maƙwabta labari. Ɗan maƙwabcin da bai taɓa saka takalmi ba sai ranar Salla, shi ma tasa ta miƙe a daidai wannan lokaci, amma ba wanda ya ba da labarinsa. Mai sayar da shimfiɗa ga ɗan shekara 3 tamkar boka ne da ya yi alkawarin ruwa a tsakiyar watan Agusta.

Haka kuma zancen da ake yi cewa goyo ne ke buɗe ƙafar yaro ba shi da tushe. Yaran da ba a taɓa goya su ba a ƙasashen Turai su ma da ƙafar baka suke fara tafiya. Hasali ma likitocin ƙashi suna ganin yadda cinyoyin jariri ke buɗewa a bayan uwarsa yana taimaka wa gaɓar kwankwasonsa ta zauna daidai.

Abin da shimfiɗar ke yi a ƙarƙashin ƙafa

Ba a ce shimfiɗar takalmi ba ta yin komai ba. Tana yin wani abu, sai dai ba abin da ake sayenta dominsa ba ne. In mutum ya taka ƙasa, dunduniya ce ke fara sauka, sa'an nan nauyi ya gangara ta gefen tafin ƙafa zuwa gindin yatsu, babban yatsa ya tura jiki gaba. Nauyin jiki yana saukowa ne daga kwankwaso ya bi ta gwiwa zuwa idon sawu. A ƙafar da ke miƙe, yakan ratsa kusa da tsakiyar gwiwa. A ƙafar baka, gefen gwiwa na ciki ne ke ɗaukar mafi yawan kaya, a gwame kuwa gefen waje ne. Dabarar masu yin shimfiɗa ita ce su ɗaga gefe ɗaya na tafin ƙafa da ɗan tudu, domin wurin da ƙafa ke danna ƙasa ya ɗan gusa, nauyin da ke kan gefen gwiwar da ya wahala ya ragu.

A manyan jami'o'i akwai ɗakunan awon tafiya, inda ake manna wa yaro 'yan alamu a jiki, ya bi ta kan wani faranti mai auna nauyi, na'urorin ɗaukar hoto suna bin sa. Irin wannan awo yana nuna cewa lalle shimfiɗa takan sauya yadda dunduniya ke karkata da yadda nauyi ke rarrabuwa a tafin ƙafa, wani lokaci har ta ɗan rage kayan da ke kan gefe ɗaya na gwiwa. Amma sauyin ƙarami ne, ba ga kowane yaro yake faruwa ba, kuma yana nan ne muddin takalmin yana ƙafa. Da an tuɓe, tafiya ta koma yadda take. Dalili kuwa a fili yake. Tsakanin tafin ƙafa da gwiwa akwai gaɓoɓin idon sawu da na ƙarƙashinsa, waɗanda aikinsu ke nan su shanye karkatar ƙasa, shi ya sa mutum ke iya tafiya a kan kunyar gona ba tare da gwiwarsa ta goce ba. Tudun da aka sa cikin takalmi, waɗannan gaɓoɓi ne ke haɗiye mafi yawansa kafin ya kai sama. Lanƙwasar gwame da ta baka kuwa a bakin ƙashin cinya da na ƙwauri take, daf da gwiwa, inda guringuntsin da ke ƙara wa ƙashi tsawo yake. Babu wani bincike mai ƙarfi da ya nuna cewa abin da aka sa a ƙarƙashin dunduniya yana juya girman wannan guringuntsi.

Har a kan tafin ƙafar kansa, inda shimfiɗar ke taɓawa kai tsaye, sakamakon bai zo yadda masu talla ke so ba. Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Dokta Wenger da abokan aikinsa suka yi a birnin Dalas na Amurka, aka buga a shekarar 1989. Sun ɗauki yara 129 masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa suka kasa su gida huɗu: kashi ɗaya takalmi na kowa da kowa, kashi ɗaya takalmin gyara, kashi ɗaya wani ɗan kofi da ke riƙe dunduniya, kashi na ƙarshe kuma shimfiɗar roba da aka zuba daidai da ƙafar kowane yaro. Yara 98 suka kammala shekara 3 ko fiye ana bin su. Da aka ɗauki hoton ƙashi, sai aka ga dukan rukunonin huɗu sun sami ci gaba, kuma babu bambancin a zo a gani tsakanin wanda aka kashe wa kuɗi da wanda ba a kashe wa ba. A shekarar 2006 aka duba yara 835 a birnin Biyana na Ostiriya. Cikin 'yan shekara 3, kashi 54 cikin 100 tafin ƙafarsu a shimfiɗe yake, cikin 'yan shekara 6 kuwa kashi 24 ne. Waɗanda nasu ciwo ne na gaske ba su kai kashi 1 ba, amma kashi 10 na yaran suna sanye da shimfiɗa, kuma masu binciken suka ce fiye da kashi 90 na masu sakawar ba sa bukatarta. A shekarar 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta haɗa gwaji 16 da suka ƙunshi yara 1,058, ta kuma yanke cewa babu hujjar saya wa yaron da tafin ƙafarsa ba ya ciwo shimfiɗa mai tsada.

Wani binciken ma ya fi dacewa da ƙauyukan Dutsi. A shekarar 1992 likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, suka ɗauki sawun yara 2,300 'yan shekara 4 zuwa 13. Cikin masu saka takalmi, kashi 8.6 cikin 100 suna da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, cikin masu yawo ba takalmi kuwa kashi 2.8 ne. Rufaffen takalmi ne ya fi yin illa, silifa da sandal suka bi baya. Ashe yaron da ke bin awaki a kan rairayi yana ƙarfafa naman tafin ƙafarsa fiye da ɗan babban ma'aikaci da aka ƙunshe wa ƙafa tun yana tata. Wannan ba kira ba ne a zubar da takalma, domin akwai ƙaya da kunama da fasasshen kwalba da zafin ƙasa a watan Afrilu, ga kuma tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa. Aikin takalmi kariya ne, don haka wanda ya fi wa yaro shi ne mara nauyi, mai laushin ƙasa, mai faɗin baki da yatsu za su sake.

Akwai kuma abin da mai kanti ba ya faɗi. Shimfiɗa ba ta zama cikin silifa, sai rufaffen takalmi. Yaro a Dutsi yakan saka irin wannan takalmi ne daga safe zuwa tashin makaranta, in ya dawo ya tuɓe, a Islamiyya ya tuɓe, a masallaci ya tuɓe, a filin ƙwallo ma sau da yawa ya tuɓe. Ƙafarsa kuma tana girma, abin da aka auna masa bana ba zai shige shi baɗi ba. Bugu da ƙari, a shekarar 1998 wasu likitoci a Amurka suka tambayi manyan mutane da aka sa wa takalmin gyara suna yara, sai suka tarar da yawansu ba sa tuna abin da alheri, suna tuna tsokanar da aka yi musu, kuma ganin ƙimar kansu ya gaza na waɗanda ba a sa musu ba. Yaro lafiyayye da aka ce masa kullum ƙafarsa ba daidai take ba, zai yarda.

Inda take da amfani

Duk da haka akwai yaran da shimfiɗa ko takalmi na musamman ke yi wa rana. Na farko shi ne wanda tafin ƙafarsa ke ciwo bayan doguwar tafiya, ko mai ciwon kumburin gaɓoɓi na yara. Shi shimfiɗa takan rage masa zafi ya iya zuwa makaranta, ko da yake ba za ta sauya siffar ƙafar ba. Na biyu shi ne wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko saboda karayar da aka ɗora ba daidai ba, ko ciwon da ya ci kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi, ko shan inna. In bambancin bai kai santimita 2 ba, galibi ba a yin komai. In ya wuce haka, ana ƙara wa takalmin gajeriyar ƙafar tudu, kaɗan daga ciki, sauran a ƙasan takalmin daga waje, kuma ƙwararren mai gyaran takalma na kasuwa yana iya yin wannan aiki in an rubuta masa awon a asibiti. Nan take tafiyar ke daidaita, ɗingishi ya ragu.

Rabon da a sami yaron da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Nijeriya tun shekarar 2016 a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ita. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin garuruwa, kuma abin da suke bukata ƙarfe ne ko roba mai tauri da ke riƙe ƙafa daga ƙwauri zuwa tafi. Irin wannan ne kuma ake yi wa yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a daidai wurin ba, ta taɓa babbar jijiya, ƙafarsa ta riƙa faɗuwa yana jan yatsu a ƙasa. Sai kuma jaririn da aka haifa da ƙafa a naɗe, tafin yana kallon ciki, wanda ke faruwa ga kimanin 1 cikin haihuwa 1,000. Shi ana miƙe ƙafar da filasta mako-mako bisa hanyar Dokta Ponseti, sa'an nan a sa masa takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, kusan dare da rana har wata 3, daga nan sai da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. A dukan waɗannan, likita ne ya fara gano ciwon sa'an nan aka auna takalmin.

An bar jaki ana dukan taiki

Babbar illar shimfiɗar takalmi ba asarar kuɗi ba ce. Illarta ita ce kwantar da hankalin iyayen yaron da lanƙwasar ƙafarsa ciwo ce, su zauna jiran gyara har lokacin magani ya wuce. Ciwon da ya fi jawo haka a Arewacin Nijeriya shi ne taushin ƙashi, wanda likitoci ke kira riket.

Ƙashin yaro yana ƙara tsawo ne a bakinsa, inda sabon guringuntsi ke fitowa, sa'an nan sinadarin kalsiyam ya shiga ya ƙarfafa shi, kamar yadda siminti ke kama yashi. In kalsiyam bai wadata ba, sabon ƙashin sai ya tsaya da taushi, nauyin jiki ya yi ta lanƙwasa shi. Wanda ciwon ya kama tun yana tata yakan yi ƙafar baka, wanda ya kama daga baya yakan yi gwame, wani ma ƙafa ɗaya ta yi ciki ɗaya ta yi waje kamar iska ta kaɗa su. A littattafan likitanci na Turai, sanadin wannan ciwo rashin bitamin D ne, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Shi ya sa aka daɗe ana mamakin ganin sa a ƙasar da rana ba ta yanke mata.

Amsar ta fito ne daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A shekarar 1999 Dokta Thacher da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi a kan yara 123 masu taushin ƙashi. Sun tarar abincin yaran yana ba su kalsiyam kimanin miligiram 200 ne kawai a rana. Suka kasa su uku, suka yi musu magani na mako 24. Cikin waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka kai ma'aunin warkewa. Cikin waɗanda aka ba kalsiyam shi kaɗai, kashi 61. Cikin waɗanda aka haɗa musu biyun, kashi 58. Watau ciwon a nan ƙasar, mafi yawansa daga tukunya yake fitowa. Daga baya, a shekarar 2015, likitocin na Jos suka nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa yana warkar da ciwon. A shekarar 2016 kuma masana daga ƙasashe da dama suka yi matsaya cewa yaron da ya wuce shekara 1, in kalsiyam ɗin da yake samu bai kai miligiram 300 a rana ba, yana cikin hatsarin kamuwa, wanda ya wuce 500 kuwa ya wadata.

Sai mai karatu ya dubi abincin yaron da aka yaye a ƙauyen Dutsi: koko da safe, tuwon gero ko na dawa ko na masara da dare, da rana abin da ya samu. Hatsin nan duka kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, kuma dusarsu tana ɗauke da wani sinadari da ke ƙanƙame ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Abin takaici shi ne maganin yana yawo a kan 'yan matan Fulani a kowace kasuwa. Kofi ɗaya na nonon shanu, kimanin rubu'in lita, yana da kalsiyam wajen miligiram 300, kindirmo ma haka. Sai dai da rani, lokacin da shanu suka yi nisa, nonon da ake damawa da fura ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma a gidaje da yawa furar ta maigida ce, yaro sai ragowa. Bayan nono akwai kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci har ƙashi, dukansu suna da kalsiyam, kuma ba wanda sai an je Kano kafin a same shi. Kuɗin shimfiɗa guda ɗaya ta kanti zai sayi nonon yaro na makonni.

Taushin ƙashi ba ya ɓuya ga wanda ya san alamunsa. Wuyan hannun yaro yakan yi kauri kamar an sa masa munduwa a ƙarƙashin fata. A ƙirjinsa, inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, akan ji ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Goshi yakan turo, maɗiga ta yi jinkirin rufewa, haƙora su yi jinkirin fitowa. Yaron yakan yi nawar fara tafiya, ya riƙa kukan ciwon ƙafa, ya fi son zama in 'yan uwansa na guje-guje, tsawonsa kuma ya gaza na sa'o'insa. Hoton ƙashin wuyan hannu da na gwiwa, da gwajin jini, su ke tabbatar da shi. Maganin kuwa kalsiyam ne da bitamin D na 'yan watanni bisa awon likita, kuma in an fara da wuri, ƙafafun ƙananan yara da yawa sukan miƙe da kansu yayin da suke girma. In aka bari, lanƙwasar ta ƙafe. Ga 'ya mace kuwa hatsarin ya wuce na ƙafa, domin ƙashin ƙugu ma yana iya tsukewa, abin da kan jawo doguwar naƙuda bayan shekaru.

Akwai wani ciwon kuma da ake kira da sunan Dokta Blount, likitan Amurka da ya yi bayaninsa a shekarar 1937. A nan gefen ciki na guringuntsin ƙashin ƙwauri ne ke daina girma yadda ya kamata, sai ƙafar baka ta yi ta ƙaruwa maimakon raguwa, sau da yawa a ƙafa ɗaya. Ya fi kama yara baƙar fata, da masu ƙiba, da waɗanda suka fara tafiya da wuri. Kafin shekara 3 akan gwada dogon ƙarfe mai riƙe ƙafa daga cinya zuwa ƙasa. Bayan haka sai aiki. Ga yaron da bai gama girma ba, yanzu akwai ƙaramin aiki da ake ɗaura ɗan faranti da kusoshi biyu a gefe ɗaya na guringuntsin, a rage masa sauri, ɗaya gefen ya ci gaba da girma har ƙafar ta miƙe, sa'an nan a cire. Amma wannan dabara tana aiki ne muddin ƙashi yana girma. Wanda aka kawo bayan ya balaga, sai dai a yanke ƙashin a sake ɗora shi, aikin da ya fi zafi, ya fi tsada, ya fi daɗewa a gado.

Awon da za a iya yi a tsakar gida

Iyaye ba sa bukatar na'ura kafin su san ko nasu na jira ne ko na tafiya asibiti. Tef ɗin tela ya isa. A tsai da yaro a miƙe, gwiwoyinsa na kallon gaba. In mai ƙafar baka ne, a haɗa idon sawunsa a auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyi. In mai gwame ne, a haɗa gwiwoyin a auna tazarar idon sawu. Likitoci sukan so a kawo musu yaro in ta farko ta wuce santimita 6, ko ta biyu ta wuce santimita 8. A rubuta awon da kwanan wata a bayan katin rigakafi, a sake bayan wata 6. Lanƙwasar girma tana zuwa a ƙafa biyu daidai wa daida, ba ta ciwo, ba ta hana gudu, kuma tana raguwa. Wadda ke ƙafa ɗaya, ko take ƙaruwa, ko take tare da ciwo ko ɗingishi ko gajarta ko kaurin wuyan hannu, ko ƙafar baka da ta zarce shekara 3, ko gwame mai yawa bayan shekara 7, wannan ba ta kanti ba ce. Ga tafin ƙafa kuma, a ce wa yaro ya ɗaga dunduniya ya tsaya kan yatsunsa. In kwarmin ya bayyana, ƙafar lafiya take. In ya ƙi bayyana, ko ƙafar ta yi tauri tana ciwo, a kai shi a duba.

Daga Dutsi, matakin farko shi ne asibitin da ke kusa, inda za a duba yaron a tura shi hoto. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun shekarar 1959, inda ake yin aikin miƙe ƙafa, ake kuma auna takalma da ƙarafan riƙe ƙafa ga waɗanda suke bukatarsu da gaske. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma da ke auna nauyin yara a ranakun rigakafi su ma suna da abin yi, domin hannun yaron yana cikin hannunsu, kuma taɓa wuyan hannu da haƙarƙari ba ya ɗaukar minti ɗaya.